Selma zuwa Montgomery: abubuwan mamaki a hanyar neman ƙuri'a

Gadar da ta fi kowace suna a tarihin neman 'yancin zaɓe a Amurka, wato gadar Edmund Pettus da ke Selma a jihar Alabama, sunan maƙiyin baƙar fata take ɗauke da shi. Pettus janar ne a rundunar Kudu da ta yi yaƙin kare bauta, kuma jigo a ƙungiyar Ku Klux Klan. Har yau ba a sauya sunan ba.

Gadar tana da doro, mai tafiya a ƙasa ba ya hango ɗaya gaɓar sai ya kai tsakiya. Daga nan ne masu tattakin neman ƙuri'a kusan 600, da suka nufi Montgomery, suka ga 'yan sanda jere suna jiransu ranar 7 ga Maris 1965, amma suka ci gaba da tafiya. Aka far musu da kulake da barkonon tsohuwa da dawakai, aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, ƙoƙon kai. A daren, tashar ABC ta katse wani fim kan shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg don ta nuna wa Amurkawa abin da aka yi a gidansu. A 2020 kuma, keken doki ya ratsa gadar da gawar Lewis, an shimfiɗa masa jajayen furanni.

Gundumar Lowndes, da ke kan hanyar Selma zuwa Montgomery, ita ta fi taɓa ni. Baƙaƙen fata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, amma a farkon 1965 ko mutum ɗaya cikinsu ba ya cikin rajistar masu zaɓe. Manoman da suka je yin rajista, masu gonaki suka kore su, suka koma zama a tantuna a bakin titi da iyalansu. Da suka kafa jam'iyyarsu, alamar baƙar damisa suka ɗauka, yayin da jam'iyyar Dimokurat ta jihar farin zakara take amfani da shi. Daga wurinsu 'yan Black Panther na Kalifoniya suka ari alamar.

Tattakin da aka sake yi daga baya ya ci kilomita 87 cikin kwana 5, ya ƙare da mutum kusan 25,000 a gaban majalisar jiha a Montgomery. A matakalar ginin akwai tauraron tagulla, daidai inda aka rantsar da Jefferson Davis shugaban Kudu masu bayi a 1861. A daren da aka gama, 'yan Klan suka harbe Viola Liuzzo, Baturiya mai 'ya'ya 5 daga Detroit, tana jigilar masu tattaki. Dutsen tunawa da ita yana gefen titin.

Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta 1965. Ƙarar da ta sa Kotun Ƙoli ta soke wani muhimmin sashenta a 2013 ma daga Alabama ta fito, daga gundumar Shelby.