Ɗan Wasa Tsakanin Dandamali Da Kyamara

A shekarar 1987 tashar BBC ta haɗa Michael Caine, fitaccen ɗan wasan Ingila, da wasu matasa masu koyon sana'ar, ta ɗauki darasin da ya ba su kan wasan fim. Mutumin ya isa ya yi magana. Sai da ya sha gwagwarmaya a ƙananan gidajen wasan kwaikwayo na Horsham da Lowestoft kafin fim ɗin Zulu ya fito da shi a 1964, daga baya kuma ya ci kyautar Oscar har sau biyu. Matasan sun zo jin manyan sirrika, shi kuwa sai ya ɓige da maganar ido.

Nasiharsa ita ce, idan kyamara ta matso fuskarka, ka rage ƙifta ido, domin yawan ƙiftawa yana sa a ga mutum kamar mai rauni ko marar gaskiya. In kana kallon abokin wasanka, ka zaɓi idonsa guda ka tsaya a kai, kada naka ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Sannan ka saurari abin da yake faɗa da gaske, kada ka zauna jiran a zo layinka.

Wanda ya saba da dandamali zai ga wannan kamar wasa da hankali, don a can babu mai ganin ƙiftawar idonsa. Damuwarsa ita ce mutumin da ke kujerar ƙarshe, wanda shi ma ya biya kuɗin shiga. Dole murya ta isa gare shi ba tare da ta zama ihu ba, dole fushi ya fito a kafaɗa da tafiya da ɗaga hannu. Amma ɗan wasan dandamali yana da gata guda babba: labarin yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, kuma 'yan kallo suna taya shi. In suka yi dariya sai ya dakata ta lafa, in ya ji an fara gyaran murya da motsa kujeru ya san ya ja magana.

A lokeshin duk wannan gatan ya tafi. Ana ɗaukar fim ne bisa wurin da aka samu da ranar da jarumai suke da sarari, ba bisa jerin labari ba. Jaruma tana iya yin kukan mutuwar miji da safe, da la'asar a ɗaura mata aure da shi. Fitowa guda kuma ana maimaita ta daga nesa, a sake daga kusa, a sake ta bayan kafaɗar abokin magana. In ta ɗauki kofin shayi da hannun dama a karon farko, da hannun dama za ta ɗauka kowane karo, a kan kalma guda, in ba haka ba mai tace hoto ya rasa yadda zai haɗa. Ga alamar da aka manna a ƙasa wadda za ta tsaya a kai ba tare da ta duba ba, ga fitila a ido, ga sandar makirfo tana reto bisa kanta. Wani lokacin ma wanda take yi wa kukan ya tafi cin abinci, tafin hannun darakta take kallo. Da an ce "kot" hawaye ya tsaya, da an ce "akshin" ya dawo daidai inda ya tsaya.

Akwai wani tsohon gwaji da ake yawan ambata a makarantun fim. Wajajen 1920, Lev Kuleshov na Rasha ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mozzhukhin, fuska ba yabo ba fallasa, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa a akwati. An ruwaito cewa masu kallo sun yaba yadda ya nuna yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar guda ce. Wato rabin wasan fim a ɗakin tacewa da kuma kan mai kallo ake ƙarasa shi.

'Yan wasan ƙasar Hausa ta wata hanya suka biyo. Tashe, wasannin makaranta, ƙungiyoyin unguwa, sai rediyo da talabijin. Marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya gina Samanja Mazan Fama a kan murya da Hausar bariki, har wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba yana iya zana shi a ransa. Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi Karambana da Hausa, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn da Turanci. A Nijar, ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna a dandamali da talabijin. Da yawan waɗannan wasanni ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. A tsara labari, a raba matsayi, kowa ya zuba nasa. Wannan horo ya ba su abin da Caine yake wa'azi a kai, don wanda ba shi da layin haddace dole ya kasa kunne ya ji me aka ce masa kafin ya mayar. Illarsa kuwa ita ce jan zance: fitowar da ta isa a minti ɗaya sai ta ci biyar.

Ƙungiyar Tumbin Giwa da ta yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 ita ma daga wasan kwaikwayo ta fito, don haka ba abin mamaki ba ne finafinan farko sun gaji girman motsin dandamali. Uba in ya fusata sai ya miƙe tsaye, ya nuna ƙofa, ya maimaita "fice mini daga gida" sau uku, ga kyamara taku biyu daga hancinsa. Ga mai barkwanci irin marigayi Rabilu Musa Ibro, wannan zuzutawa ita ce jarin, kuma babu mai hankalin da zai ce da ya rage. A labarin soyayya ko na makoki ne take zama kamar gishirin da ya zarce a miya.

Yanzu kuma mai kallo ya ƙara matsowa. Dogayen shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, da Labarina na Aminu Saira, da yawa a waya ake kallonsu, fuskar jarumi tana tazarar kamu ɗaya daga ta mai kallo, wani ma da abin sauraro a kunne. Masu tacewa sukan yanko fuskar wanda ake yi wa magana, su bar muryar mai maganar tana tafiya a baya. A nan ake kama jarumin da ya yi shiru yana tuno layinsa na gaba, kuma masu kallo sukan mayar da wurin baya su sake dubawa.