Ruhu Mai Tsarki: Abin da Kiristoci ke nufi idan sun ce yana bishe su

Duk wanda ya yi zaman ofis ɗaya ko layin kasuwa ɗaya da Kirista mai riƙon addini, da wuya a ce bai taɓa jin ya ce Ruhu ne ya bishe shi ba, ko kuwa ya ce bai samu natsuwa a ruhu ba, shi ya sa ya fasa wata tafiya ko ya janye daga wani ciniki. Mai sauraro kan gyaɗa kai a wuce wurin, amma sau da yawa kowa da abin da ya fahimta.

Musulmi idan ya ji an ambaci Ruhu Mai Tsarki, hankalinsa kan tafi ga Ruhul Ƙudusi, wanda akasarin malaman tafsiri suka fassara da Mala'ika Jibrilu. Kirista kuwa ba mala'ika yake nufi ba. A aƙidar manyan ɗarikun Kirista, Ruhu Mai Tsarki ba halitta ba ne. Shi ne na uku a cikin abin da suke kira Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, waɗanda suka yi imani Allah ɗaya ne. Babban taron shugabannin coci da aka yi a birnin Kustantiniya, Istanbul ta ƙasar Turkiyya a yau, a shekarar 381, shi ne ya tabbatar da wannan matsayi a rubuce. Bambancin da ke tsakanin addinan biyu a nan mai girma ne, kuma rufe shi da daɗin baki ba ya amfanar kowa.

Kalmar kanta tana da tarihi. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, ana cewa “ruwah”, 'yar uwar “ruh” ta Larabci da Hausa ta aro. Kalmar da takwararta ta Girkanci duk suna ɗauke da ma'anar iska ko numfashi, abin da ido ba ya gani amma ana ganin aikinsa a jikin bishiya.

Ranar Fentikos

Kiristoci suna ɗora mafarin labarin ne a kan abin da littafin Ayyukan Manzanni ya kawo a babi na 2. Bayan tafiyar Yesu Almasihu, mabiyansa kimanin 120 suna taruwa a Urushalima suna jiran cikar alkawarin da ya yi musu na aiko da Mai Taimako. A ranar wani idin Yahudawa na girbi, littafin ya ce an ji ƙara kamar ta guguwa, aka ga wani abu mai kama da harsunan wuta a kan kowannensu, suka fara magana da harsunan da ba su koya ba, har baƙin da suka zo idi daga ƙasashe daban-daban kowa ya ji da harshen garinsu. Bitrus, wanda makonni kaɗan kafin nan ya musanta sanin Yesu har sau uku saboda tsoro, shi ne ya miƙe ya yi wa'azi a bainar jama'a, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma.

Wannan sauyi na Bitrus shi ne Kiristoci ke nunawa idan suna maganar ƙarfin da Ruhu ke bai wa mai bi. Sunan Fentikos daga Girkanci yake, ma'anarsa ta hamsin, kuma har yau ana bikin ranar a Lahadi ta bakwai bayan Ista.

Batun bishewa ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma littafin da kansa bai nuna ta da fuska ɗaya ba. A babi na 16, Bulus da abokan tafiyarsa sun yi niyyar shiga wasu yankuna na ƙasar da ke Turkiyya a yanzu, aka ce Ruhu ya hana su, daga baya mafarki ya karkatar da su zuwa Makidoniya a nahiyar Turai. Wannan ita ce irin bishewar da mutane suka fi so su ba da labari. Amma a babi na 15, da gardama ta tashi kan ko wajibi ne waɗanda ba Yahudawa ba su yi kaciya kafin su zama masu bi, ba mafarki aka jira ba. Zama aka yi, aka yi doguwar muhawara, aka saurari shaidu, aka duba littattafan annabawa, aka rubuta takarda, sannan aka danganta hukuncin ga Ruhu da kuma mahalarta taron tare.

Akwai ma wani wuri da ma'aikacin gwamnati zai gane da sauri. A babi na 6, wasu sun yi ƙorafin cewa ana nuna wa matansu da mazajensu suka mutu bambanci wajen rabon abinci. Sai aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma sharaɗin zaɓen shi ne su zama masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Wato rabon kayan tallafi bisa adalci ma aikin Ruhu ne a idon marubucin, ba warkar da marasa lafiya kaɗai ba.

Inda coci-coci suka rarrabu

Kusan duk Kiristoci sun yarda cewa Ruhu yana zaune a cikin mai bi, yana nuna masa laifinsa, yana fahimtar da shi Littafi Mai Tsarki, yana ƙarfafa shi cikin wahala. Saɓanin yana kan baye-baye na ban mamaki, kamar magana da harsuna da annabci da warkarwa. Wasu malamai na ganin sun ƙare da zamanin manzanni, wasu na cewa suna nan daram.

Ra'ayi na biyu ya samu ƙarfi ne a 1906, lokacin da William Seymour, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi, ya fara taron addu'a a wani tsohon gini a titin Azusa na birnin Los Angeles a Amurka, inda baƙi da farare suka yi sujada tare a zamanin wariyar launin fata. Daga nan tafarkin Fentikostal ya bazu a duniya, har ya shiga cocin Katolika a 1967. A Najeriya kuwa, farkawar Joseph Ayo Babalola a Ilesa a 1930 ta riga yawancin coci-cocin da aka sani yanzu. Daga baya aka samu irin su Benson Idahosa a Benin, da cocin Living Faith da ta kafu a Kaduna a shekarun 1980 kafin hedikwatarta ta koma Ota. Ɗan kasuwar da ya taɓa maƙalewa a cunkoson hanyar Legas zuwa Ibadan a daren taron wata-wata na cocin Redeemed, taron da aka sa wa sunan Ruhu Mai Tsarki, ya ga yawan mabiyan da idonsa.

Coci-cocin da suka daɗe a Arewa, irin su ECWA da COCIN, sun fi jaddada aikin Ruhu ta hanyar karatun Littafi da gyaran hali, ko da yake salon addu'ar Fentikostal ya ratsa matasansu ƙwarai.

Wa zai tantance?

Nan ne gizo ke saƙar. Idan mutum ya ce Ruhu ya gaya masa abu, babu wanda ya ji sai shi. A kan irin wannan magana an fasa aure, an bar shan magani, an zuba jari inda bai dace ba, an kuma ba da kuɗin da ya kamata a biya wa yara makaranta. Mai sukar Kiristanci ba ya buƙatar tona wannan, domin fastoci da kansu suna kokawa da shi a kan mumbari.

Matsalar kuma ba ta yau ba ce. Babi na 8 na Ayyukan Manzanni ya kawo labarin wani mai sihiri a Samariya, Siman, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi don su sayar masa da ikon ba da Ruhu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar da suke kiran cinikin muƙaman coci da ita. A ƙarni na biyu, wani mai suna Montanus ya bayyana a yankin Firijiya tare da mata biyu, suna cewa Ruhu na magana ta bakinsu kai-tsaye, shugabannin coci suka yi watsi da su bayan doguwar taƙaddama.

Bulus ma, wanda ya ce ya fi mutanen Koranti magana da harsuna, shi ne ya kafa musu doka: kada masu yin haka su wuce biyu ko uku a taro ɗaya, su yi bi da bi, a samu mai fassara, idan babu shi a yi shiru, kuma duk abin da mai annabci ya faɗa sauran jama'a su auna shi. A wasiƙarsa ga Galatiyawa kuma, da ya zo lissafa amfanin da Ruhu ke haifarwa a rayuwar mutum, halaye tara ya ambata, ciki har da ƙauna da haƙuri da aminci da kamun kai. Babu mu'ujiza ko ɗaya a jerin, babu kuma dukiya.

Daga waɗannan nassosi ne malaman Kirista da dama suka fitar da ma'aunin da suke koyarwa. Suna tambaya ko abin da aka ce Ruhu ya faɗa ya dace da Littafi Mai Tsarki, ko mai maganar zai yarda dattawan ikkilisiya su bincika ta, da kuma yadda halinsa yake a gida da wurin aiki. A ganina tambayar tsakiya ita ce ta fi tona asiri, domin wanda ya dogara da yaudara ba ya son a ce masa a dakata a yi shawara. Mai shago da wani ya zo masa da saƙon cewa an nuna masa a wahayi su haɗa jari, yana da hurumi a cikin koyarwar addinin shi mai wahayin ya nemi a kai maganar gaban fastonsa da dattawan cocinsu, a kuma rubuta yarjejeniya da shaidu kafin kwabo ya fita daga aljihu.