Zaman Turawan Ingila a Ƙasashen Waje da Kafuwar Kaduna ta Kudu

Zaman da Turawan Ingila suka yi a ƙasashen da ba nasu ba iri biyu ne. Akwai inda suka je domin su mallaki ƙasa su yi noma su hayayyafa, akwai kuma inda suka je domin ciniki da mulki, in wa'adin aikin mutum ya cika ya koma gida. Wanda ya san wannan bambanci shi zai gane yadda Kaduna ta kafu.

Garinsu na farko da ya ɗore a Amurka shi ne Jamestown, a shekarar 1607. Wani kamfani ne ya aika da mutanen, da iznin Sarkin Ingila. Suka sauka a fadama, zazzaɓi da yunwa suka kashe mafi yawansu, sai noman taba ya cece su. Taba kuwa tana cin ƙasa, saboda haka suka yi ta ture mutanen Powhatan daga gonakinsu. A 1624 Sarki ya karɓe mulkin daga hannun kamfani.

A bakin Kwara ma ta ƙofar kamfani suka shigo. Kamfanin Neja ya sami takardar izni a 1886, gwamnati ta karɓe mulki ran 1 ga Janairu, 1900, aka naɗa Gwamna Lugga. Amma a nan hanya ta rabu. Dokar ƙasa ta 1910 ta ce ƙasar Arewa tana hannun Gwamna ne bisa amana domin amfanin 'yan ƙasa. Don haka Turawa manoma ba su zauna a nan ba, kamar yadda suka zauna a Kenya.

Abin da suke bukata shi ne mazaunin mulki. Sun zauna Jabba, suka koma Zungeru a 1902, zafi da sauro suka dame su. Da hanyar jirgi daga Baro ta ƙetare kogin Kaduna, har ta isa Kano a 1911, sai Lugga ya ga wurin ya dace: ga ruwa, ga fili, ga jirgi, kuma ba fadar wani sarki ba ce, ƙauyukan Gbagyi ne a cikin ƙasar Zazzau. Soja suka fara sauka a 1913, ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917.

Gidan Gwamna da unguwar Turawa a arewacin kogi aka gina su, aka bar fili tsakaninsu da mazaunin 'yan ƙasa, wai domin tsaron lafiya. Kudancin kogi kuwa rabon reluwe ne. A can babbar tasha take, a can kuma hanyar da ta taso daga Fatakwal ta Kafanchan ta zo ta haɗu da ta Ikko. Leburori da ma'aikatan jirgi daga ko'ina suka zauna wajen Makera da Kakuri. Da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957 sai wasu masana'antu suka bi, unguwannin suka cika da masu neman aiki.

Turawan sun tafi bayan samun mulkin kai a 1960, ba su bar zuriya mai riƙe da gonaki ba. Abin da suka bari shi ne tsarin gari, watau mulki a arewacin kogi, tasha da masaƙu a kudancinsa, kuma bisa wannan tsari ne Kaduna ta ci gaba da faɗaɗa.