Zufa ba ta da wari

Duk wanda ya hau motar torotoro daga Aboabo zuwa Kejetia a Kumasi da rana tsaka ya san yadda mutum kan kau da kai idan maƙwabcinsa ya ɗaga hannu. Nan take sai a yanke masa hukuncin ƙazanta, alhali sau da yawa ya yi wanka da asuba. Ita zufa, a lokacin da take fitowa, ruwa ce da ɗan gishiri. Amma a hammata da matsematsi akwai wasu ƙofofin zufa na daban da ke farkawa idan yaro ya balaga, suna fitar da ruwa mai maiƙo. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar kowa su ne ke cin wannan maiƙo, abin da suka bari shi ne warin. A gari mai laima irin Kumasi zufa ba ta saurin bushewa, riga mai roba kuma ta riƙe ta, ƙwayoyin su samu gida.

Saboda haka turare, komai tsadarsa, rufa-rufa kawai yake yi. Abin shafawar da ake sayarwa a kanti iri biyu ne, ko da yake kwalabensu kama ɗaya. Na farko, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1888 da sunan Mum, yana rage ƙwayoyin ne ya ƙara ƙamshi, zufa kuwa tana nan. Na biyu yana da gishirin alminiyum da ke toshe bakin ƙofofin na ɗan lokaci, shi ya sa ya fi aiki idan an shafa da dare a busasshiyar fata. Alif da iyaye mata ke goga wa 'ya'yansu ɗan'uwansa ne. Lemun tsami ma yana rage ƙwayoyin, sai dai yana ƙona fatar da aka aske.

Wasu na tsoron cewa toshe zufa na tara dafi ko ya jawo sankarar mama. Tsoron abin saurare ne, amma bincike bai tabbatar da shi ba. Tace jini aikin ƙoda da hanta ne, kuma sauran jiki na ci gaba da zufa. Masu ciwon ƙoda mai tsanani ne ya kamata su fara tambayar likita. Wasu kuma su ce wanka ya isa, tunda addini ya koyar da cire gashin hammata da wankan Juma'a. Ga mafi yawa haka ne, domin gashi na riƙe zufa. Amma ɗan dako a Kejetia da ke jiƙewa tun hantsi yana bukatar ƙari, kuma wanda warinsa ya sauya kwatsam, asibiti ya kamata ya nufa, don ciwon sukari ko na hanta kan nuna kansa ta haka.