Ingila Na Son Ma'aikaci, Ba Ta Son Iyalinsa

Tun daga Janairun 2024, ɗalibin da ya tafi Birtaniya yin digiri na biyu ba ya da damar tafiya da matarsa ko 'ya'yansa, in ba karatun bincike zai yi ba, irin na digirin digirgir. A watan Maris aka ɗora wannan hani kan masu aikin kula da tsofaffi da nakasassu. Da Afrilu ya kama, aka ɗaga kuɗin shigar da ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin zai nuna kafin ya kawo abokin aurensa, daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara.

Hujjar gwamnati alƙaluma ce, kuma ba ƙarya ta yi ba. A 2019 iyalan ɗalibai kimanin 16,000 aka bai wa biza. A 2022 sun kai kusan 136,000, kuma 'yan Najeriya ne kan gaba da sama da 60,000. Jam'iyyar da ta yi wa jama'a alkawarin rage baƙi bayan ficewa daga Tarayyar Turai ta wayi gari adadin ya ninka, don haka Suella Braverman, sakatariyar cikin gida ta lokacin, ta sanar da matakin farko a Mayun 2023.

Sai dai mutanen nan ba kutse suka yi ba, kiransu aka yi. Jami'o'i sun jingina da kuɗin baƙi saboda na 'yan gida ya tsaya a fam 9,250 daga 2017 har zuwa 2025. Gidajen kula da tsofaffi sun rasa ma'aikata, shi ya sa aka buɗe musu ƙofar biza a Fabrairun 2022. Da yawa daga cikin 'yan Najeriyar da suka amsa kiran magidanta ne, wasu sai da suka sayar da fili ko mota. Ɗalibi awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, amma matarsa ko mijinta na iya yin cikakken aiki, kuma da wannan albashin ake biyan haya da ragowar kuɗin makaranta. Da aka cire iyali, lissafin tafiyar gaba ɗaya ya rushe.

Adadin masu shiga ya faɗi warwas a 2024. Amma ba daidai ba ne a ba dokar duk wannan sakamako, domin karyewar darajar naira tun Yunin 2023 ta riga ta hana dubbai tafiya. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka tafi duk da haka. Ga uwa tana yi wa tsohuwar wasu wanka, tana ba ta abinci a baki har gari ya waye, sannan ta zauna a tashar bas tana kiran bidiyo don ta ga ko nata yaran, da ke wurin kakarsu a Kaduna, sun shirya makaranta. Ƙasar da ta amince ta damƙa mata iyayenta bai kamata ta ce mata renon 'ya'yanta nauyi ne a kan al'umma ba.

Canjin gwamnati bai sassauta ba. Jam'iyyar Labour ta dakatar da shirin ƙara kuɗin shigar zuwa fam 38,700, amma a Yulin 2025 ta rufe ɗauko masu aikin kula daga ƙetare, a Satumba kuma ta dakatar da karɓar takardun 'yan gudun hijira masu neman a kawo musu matansu da 'ya'yansu.