Rumbun da ba ya cin dawa: inda ake ajiye lissafin cinikinmu na waya

Duk wanda ya shigo garin Gadarif, da wuya idonsa ya kauce wa babban rumbun hatsin nan da aka gina da taimakon Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960, wanda ke ɗaukar kimanin tan 100,000. To amma akwai wani rumbun da 'yan kasuwarmu ba su taɓa gani ba, alhali a yau cinikin riɗi da dawa, tun daga kasuwar amfanin gona ta cikin gari har zuwa Gallabat da Matamma a bakin iyakar Habasha, ya rataya ne a wuyansa. Wannan rumbu shi ne manyan kwamfutocin ajiyar bayanai na kamfanonin waya da bankuna, waɗanda ma'aikatan fannin ke kira saba.

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon watan Fabrairun 2024 an wayi gari layukan MTN da Sudani sun ɗauke, bayan 'yan kwanaki na Zain ma ya bi sahu. Ba turakun sadarwa na Gadarif aka rushe ba, suna nan tsaye. Abin da ya faru shi ne, cibiyoyin da manyan kwamfutocin suke duk a Khartum aka tara su, kuma a wancan lokacin, tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, yawancin birnin yana hannun dakarun Da'amus Sari', waɗanda gwamnati ta ɗora wa alhakin kashe na'urorin. Nan take manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama hoto a cikin waya. Mai buhu ɗari a shago da mai kuɗi a asusu suka zauna suna kallon juna.

Sudani ce ta fara farfaɗowa cikin watan, bayan ta kafa wasu kwamfutocin a Bur Sudan, garin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su EASSy suke fitowa tudu. Zain ta dawo a watan Maris, ita ma ta can.

Sai dai mayar da layi daban, sanin abin da ke gudana a kansa daban. Kowane kamfanin sadarwa yana da tsarin sa ido kan zirga-zirgar bayanai, kuma aikinsa ya yi kama da na malamin ƙofar kasuwa mai littafi a hannu: mota kaza ta shigo ƙarfe kaza, daga wuri kaza, ɗauke da buhu kaza. Bai kwance buhun ba, amma ya rubuta. Haka na'urorin da ke raba hanya a intanet suke fitar da ɗan taƙaitaccen bayani a kan kowace hulɗa, wato daga ina ta taso, ina ta nufa, yaushe, kuma nawa ne nauyinta. Kamfanin Cisco na Amurka ne ya yaɗa wannan dabara da sunan NetFlow tun shekarun 1990. Bayanan sai su zuba a kwamfutar ajiya, injiniyoyi su duba su gane inda cunkoso yake, ko inda aka kawo hari.

Matsalar ita ce littafi yana cika. Idan masu hulɗa suka ninka amma rumbun bai ƙaru ba, ɗayan biyu ne: ko a goge tsofaffin bayanai da wuri don a sami wuri, ko kuma sababbin su riƙa zubewa ba a rubuta ba. Maganin shi ne a ƙaro kwamfutocin ajiya, a raba musu aikin, wannan ta ɗauki na yanki kaza, waccan na yanki kaza, sannan kowane bayani a yi masa kwafi a wata kwamfutar da ke wani garin. Ba abu ne na jona waya kawai ba. Dole agogonsu ya zama ɗaya, in ba haka ba lissafin ya rikice, kuma suna buƙatar lantarki da sanyi dare da rana, abin da kowa ya san tsadarsa a ƙasar nan.

Nauyin kuwa ya ƙaru ƙwarai a gabashin Sudan. Faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da ta Sinja a tsakiyar 2024 ta kwararo da dubban jama'a Gadarif, kowa da wayarsa. Sannan canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disambar 2024, wanda jihar Gadarif na cikin inda aka yi shi, ya tilasta wa mutane buɗe asusu, har da dattawan da a da ba su yarda da komai ba sai kuɗi a lalita.

A ganina, tara komai a Bur Sudan maimaita kuskuren Khartum ne da sabon suna. Hare-haren jirage marasa matuƙa da aka kai wa garin a watan Mayun 2025 sun isa shaida. Akwai kuma ɗaya gefen da bai kamata a rufe ido a kansa ba: rumbun da ya fi girma ya fi daɗewa yana riƙe da tarihin wanda ka kira da inda kake. A ƙasar da aka rufe intanet fiye da wata guda a 2019, aka kuma rufe na makonni bayan juyin mulkin Oktoban 2021, tambayar wa ke riƙe da makullin rumbun ba ƙarama ba ce.

Ga ɗan kasuwa dai, abin da ke hannunsa kaɗan ne amma yana da amfani. Hoton ish'ar da mai saye ya nuna maka a wayarsa ba kuɗi ba ne, domin ana ƙirƙirar na jabu. Ka buɗe naka asusun ka ga shigarsu kafin a ɗaga buhu. Ka rubuta lambar kowace hulɗa da ranarta da sa'arta a littafinka na takarda, don da wannan lambar ce ma'aikacin banki zai lalubo ta a rumbunsu in gardama ta taso. In an sami saɓani kuma, a kai ƙorafi cikin kwanakin nan, kada a bari sai an gama kakar riɗi. Masu zuwa Gallabat su riƙe layin kamfani biyu da ɗan tsabar kuɗin mota da na 'yan dako.