Ƙwayoyin halitta masu cin baƙin mai: me za su iya yi wa ƙasar Bauchi?

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji a cikin garin Bauchi ya san launin ƙasar wurin: baƙa ƙirin, ta daskare kamar kwalta, ko ciyawa ba ta tsirowa. Baƙin man da makanikai ke tsiyayewa daga inji ne ya taru shekara da shekaru. Da damina ta sauka, ruwa yakan ja wani ɓangarensa ya nutse, a garin da gidaje da dama ke komawa ga rijiya da burtsatse idan ruwan madatsar Gubi bai iso famfo ba.

Maganar ta wuce ta gareji tun ranar 22 ga Nuwamba, 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe. Inda ake haƙar mai, ba a rasa malala. Shi ya sa ya kamata jami'an da fayil ɗin kwangilar tsaftace muhalli zai biyo ta teburinsu su san hanyar da ake yawan yabawa saboda arha: gyara ƙasa a inda take, ba tare da an kwashe ta ba.

A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin bakteriya, irin su Pseudomonas da Bacillus, waɗanda mai abinci ne a wurinsu. Sukan narkar da shi ya koma ruwa da iskar da ɗan'adam ke fitarwa idan ya yi numfashi. Ba sai an sayo su daga waje ba. Galibi suna nan, abin aiki ne ya yi musu ƙaranci. Suna bukatar iska, da danshi, da sinadaran da ke cikin taki. Don haka aikin ya fi kama da noma: a yi huɗa, a zuba kashin kaji ko takin zamani, a yi ban ruwa, a juya ƙasar, a jira watanni. An yi irin wannan a gaɓar tekun Alaska ta Amurka bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a 1989, inda aka watsa taki a kan duwatsun da man ya lulluɓe.

Zafin Bauchi yana taimaka wa ƙwayoyin, amma rani yana dakatar da su. Ƙasar da hunturu ya busar ba a cin komai a cikinta. Kwangilar da ba ta ware kuɗin ruwa ba, aikin damina kawai ta saya.

Darasi mafi ɗaci ya fito daga ƙasar Ogoni. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano cewa huɗar sama da aka dogara da ita ba ta wadatar ba, domin a wurare da yawa man ya nutse fiye da mita 5. Fuskar ƙasa ta yi kyau, ƙarƙashi yana nan yadda yake. A Nisisioken Ogale an samu sinadarin benzin a ruwan rijiya ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900.

Akwai kuma abin da ƙwayoyin ba sa narkarwa ko kaɗan: dalma da sauran ƙarafa masu guba, waɗanda baƙin mai da tsoffin batura ke barin su a gareji. Bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kankare ƙasar gidaje aka yi aka binne, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013.

Doka ba ta bar giɓi sosai ba. An kafa hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai a 2006, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 kuma ta wajabta wa kamfanoni zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli. Abin da ya rage shi ne awo. A ɗauki samfurin ƙasa da na ruwa a ƙauyukan Alkaleri tun yanzu, domin a san yadda suke kafin komai ya zuba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin tana da masana ƙananan halittu da za su iya wannan aiki, garejojin garin kuma filin gwaji ne a ƙofar gida. Sannan kafin a sa hannu kan takardar biyan ɗan kwangila, a tambaye shi daga zurfin mita nawa ya ɗebo ƙasar da aka gwada.